Jini na Uku

A gidanmu babu mai tambayar mace ko al'adarta ta zo. Buta ake kallo. In aka kira azahar aka ga ba ki ɗauki buta ba, kowa ya gane kina fashin sallah, shi ke nan. A bazarar da nake ba da labarinta, can ƙarshen shekarun casa'in, butata ta zama abin kallon gida biyu: namu, da na mutumin da ya sake ni.

Ni na zaɓe shi da kaina, kada ma wani ya ɗora wa Baba laifi. Ina gama sakandare ya fara zuwa zance. Kifi yake sara a bakin dam ɗin Tiga, ya ɗaure kwando a bayan babur ya kai Kwanar Dangora. A waje mutum ne mai fara'a. A ɗaki kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri. Marin ƙarshe da ya yi mini, don wuta ta ci kifin da ya ce in banda masa, shi ya toshe mini kunnen hagu. Har yau in mutum ya tsaya ta wannan gefen sai na juyo masa da dama. Da na ce zan je in nuna wa Baba, sai ya ce in tafi, ya sake ni saki ɗaya.

Na san hukuncin tun a Islamiyya. Mai saki ɗaya tana cikin idda har ta ga jini na uku. Kafin nan, in mijin ya ga dama, baki kawai zai buɗe ya ce ya mai da ita, ba sai ya nemi yardarta ba. In jinin ya riga bakinsa, ta fita daga hannunsa. In kuwa ciki gare ta, idda ba ta ƙarewa sai ta haihu, wato watanni ke nan yana riƙe da igiya, duk ranar da ya so ya ja.

An gaya mana ya rantse a gaban masunta cewa ba zai bi ni ba, da ƙafata zan koma. Amma ya ƙara da cewa in ya ji da ɗansa a cikina, ba za a haifa masa ɗa a gidan wani ba.

Jini na farko ya zo, ba yawa. Na biyu bai ma kai shi ba, ɗigo-ɗigo ne, launinsa kamar ruwan goro. Na ƙirga su duka tun da a kan lokaci suka zo. Na uku kuwa lokacinsa ya yi, ya wuce, shiru.

Gwaggo ce ta fara magana. Yayar Baba ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Tana cikin mutanen da ruwan dam ya tasa daga tsohon garinsu, har yanzu in ta ce "gida" ƙarƙashin ruwan nan take nufi. Wata safiya ina shara ta ce, "Ke 'yar nan, butarki ba ta gaji ba?"

Na ce, "Bai zo ba, Gwaggo."

Ta ja ni rana. Ta janye fatar idona, ta juya tafin hannuna, ta daɗe tana kallon ramin wuyana inda jijiya ke bugawa. Sannan ta ture ni. "Babu komai. Ni da na yanke cibiyar rabin unguwar nan? Tsoro ne ya riƙe shi. Kin rame kamar karan dawa, ina jini zai fito?"

Na so in yarda da ita. Amma bakina kullum ɗaci, kuma ƙirjina ya yi nauyi, ko zane ya taɓa sai in ji zafi.

Akwai ƙaramin asibiti kusa da mu, sai dai matar da ke shara a can dangin mijin nawa ce. In na je, kafin in dawo gida labari ya isa gidansu. Saboda haka na ce wa Baba zan je neman maganin kunne, na tafi Kwanar Dangora wurin wata ƙawata da muka yi makarantar kwana tare, tana tsaron kemis ɗin yayanta. Lokacin ana wahalar man fetur mai tsanani. Sai da rana ta take kafin bas ɗaya ta zo, muka cushe a ciki har da buhunan albasa a kan ƙafafunmu.

Tana ganina ta ce, "Amarya a gidan wa? Ke ce kika koma haka? Da a makaranta ne sai in ce an kama ki da satar gari."

Na yi ƙoƙarin dariya, sai hawaye. Ta janyo ni bayan kanta, na gaya mata komai. Shagon rufin kwano ne, zafi kamar gidan burodi. Ta hau kujera ta sauko da wani ƙaramin kwali daga can sama, ta zaro abu biyu a cikin leda, kowanne siriri kamar tsinken sakace.

"Sabon abu ne, a Kano ma ba kowane kemis ke da shi ba. Fitsarin farko na safe za ki tara, ki tsoma bakinsa. Layi ɗaya, babu. Layi biyu, akwai. Ki yi ɗaya gobe, ɗayan ki bari sai an kwana biyu."

"In ya yi ƙarya fa?"

"Ke dai da tambaya, kamar a ajin kimiyya. Bature ne ya yi shi."

Washegari bayan asuba na shiga makewayi da gwangwanin madara. Na tsoma, na tsuguna ina kallo. Jiƙa ta hau tsinken a hankali, wani jan layi ya fito. Na jira na biyu, har kudaje suka fara damuna, har Baba ya yi gyaran murya a waje. Bai fito ba. Na fito na kai wa Gwaggo a bakin murhu.

Ta karɓa ta juya shi. "Wannan abin ne likitan?"

"Ya ce babu, Gwaggo."

"Ai ni ma na ce babu, ban kuma sa kin hau mota ba." Ta miƙo mini. "To ɗauki ki kai wa liman, ki ce masa ga iddarki ta cika."

Nan murnata ta tsaya. Gaskiya ta faɗa. Ko tsinken bai yi ƙarya ba, idda ba ta san shi ba. Jini ake jira.

A cikin makon nan Yaya ta fara zuwa. Yayar mijin nawa ce, tana aure a Yako, kuma duk zamana a gidansu ba ta taɓa tako ƙafa gidanmu ba. Yanzu sai ga ta, wai ta zo duba kunnena. Ba ta zuwa sai rana ta kusa tsaka, ba ta kuma tashi sai an kira azahar. Zuwanta na biyu ta kwance ƙunshin takarda a gabana, busasshiyar tarwaɗa ce, ta tura mini har gwiwa.

"Ci mana. Da ai ba kya wasa da ita."

Ƙarnin ya bugi hancina, cikina ya juya. Na danne, na gutsira na sa a baki, na tauna tana kallon maƙogwarona.

"Kin yi haske," ta ce.

Gwaggo ta ce, "Hutu ne. Wanda ba a mari ai dole ya yi haske."

Yaya ta yi kamar ba ta ji ba. Sai aka kira sallah. Na zauna kamar an kafe ni, ita ma ta zauna. Daga ƙarshe na tashi na ɗauki buta.

"Masha Allah," ta ce a bayana. "Har yanzu ana sallah ke nan."

Da na idar, haushi ya sa na yi abin da bai kamata ba. Na ce mata, "Yaya, ki daina wahalar da kanki da kuɗin mota. Na sayo tsinke a kemis na gwada, babu komai a cikina."

Ta ɗaga gira. "Tsinke? A kemis?" Sannan ta yi murmushi. "Mu a danginmu ciki kwanciya yake yi. Shi kansa mijin naki sai da ya shekara biyu a cikin Innarmu yana barci. Wanda ke barci tsinke zai tsaya amsa wa?"

Bayan ta tafi Gwaggo ta ɗauki gatari. Tana ta fasa icen da bai buƙaci fashi ba. Can ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Ki ajiye butar nan."

"Na'am?"

"Kunnen dama ma ya toshe ne? Na ce ki ajiye buta. 'Yan kwanaki. A wannan magana abin da mace ta faɗa shi ake karɓa, babu mai ɗaga zanenki ya duba. In ya so ki rama sallolinki daga baya, zunubin a rubuta mini."

Na san abin da ya sa ta faɗa. Ita ta wanke mini jinin kunne ranar da na dawo. Na ɗauki butar na tura ta bayan randa. Aka kira la'asar ina zaune a bakin ƙofa. Na ji liman ya tayar, na ji an yi ruku'u, na ji an sallame. Jikina duk ya yi sanyi a cikin wannan zafi. Ba tsoron Allah ne kaɗai ba, ko da yake yana ciki. Tunani na yi: in na ce na yi jini uku, idda ta fita, sannan bayan wata biyu ciki ya turo zane, me garin nan zai kira ni? Me zai kira abin da zan haifa? Na tashi na janyo butar. Gwaggo ta bi ni da kallo, ta yi tsaki, amma ba ta sake tayar da maganar ba.

Tsinke na biyu ma layi ɗaya ya nuna. Wannan karon ban kai wa kowa ba, na jefa shi a masai. Nauyin ƙirjina ya sauka, ɗacin baki ya ragu, na ce to, ƙila Gwaggo ce da gaskiya. Sai dai wani ciwo ya zauna mini a ƙugu, ba mai tsanani ba, kamar an ɗora mini hannu an ƙi ɗagawa.

Saboda rashin mai, babura sun yi ƙaranci a gari, duk wanda ya wuce sai an ji shi. Na mijin nawa kuwa na san shi a cikin dubu, salansarsa a fashe take. Wata ranar da yamma ina tankaɗe na ji shi daga nesa, ta hanyar kanal ɗin ban ruwa. Ya matso, ya matso, ya tsaya a bakin lungunmu. Bai kashe ba. Injin yana ta bugawa, ni kuma rariya na hannuna, gari na zuba a ƙasa. A lokacin da mutane ke kwana a layin mai, shi ya tsaya yana ƙona nasa a banza don in ji. Sannan ya ja ya tafi.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci bai cire hula ba ya kira ni. Ya ce kawun mijina ya tare shi, ya ce za su zo ranar Lahadi bayan la'asar.

Na ce, "Baba, kome zai yi, mai da ni zai yi."

"Na sani."

"Ba zan koma ba."

Ya kalli ƙafafunsa, duk faso saboda ruwan gonar tumatir. "Da ya so, a bakin dam ma zai furta, komen ya zauna. So yake ya faɗa a zaurena, a gabana. Shari'a ta ba shi, uwata. In ya furta, za mu je gaban alƙali mu nuna kunnenki. Amma ba zan ɓoye miki ba, kafin a saurare mu matarsa ce ke."

Tsakanin Juma'ar nan da Lahadi addu'a ɗaya na yi ta yi a kowace sujada: Allah ka sa babu kowa a cikina. Haka nake faɗa, babu kowa.

Ranar Lahadi da hantsi ina wanki a tsakar gida, na sunkuya zan ɗaga bokiti, sai na ji ɗumi na bin cinyata. Na ruga makewayi. Ja ne, sosai, ba irin na baya ba. Na ƙwala kira, "Gwaggo! Ya zo!"

Ta taho da gudu da ludayi a hannu. "Alhamdu lillahi! Ja'iri, sai da ya ga an kusa cin kasuwa!" Har ta kama hanci za ta yi guɗa, ta tuna ba biki ake ba.

Murnar ba ta kai azahar ba. Ciwon ƙugun nan ya zagayo mara, yana murɗawa yana saki, yana murɗawa yana saki. Na jiƙa zane, na jiƙa wani. Gwaggo ta daina wasa. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta sa ni na durƙusa na riƙe gadon ƙarfe. Can na ji wani abu ya sulluɓo.

Ta sa tsohon kwano ta ɗauke. Ta fita, na ji tana hura wuta. Da ta dawo da butar shayi tana tururi na ce, "Gwaggo, me za ki yi?"

"Abin da ake yi. In gudan jini ne kawai, ruwan zafi zai narkar da shi. In bai narke ba, to ba jini ba ne."

"Tsinke ya ce babu. Sau biyu."

"Ni ma na ce babu."

Ta tsiyaya a hankali. Ruwan ya yi ja, ta karkata kwanon ta zubar, ta ƙara wani. Ja ya ragu. A ƙasan kwanon wani abu ya rage, fari-fari, bai fi babban yatsana ba. Ta ƙara ruwa a karo na uku. Yana nan.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Gwaggo ta ce. "Ashe da mutum."

Ban yi kuka ba a lokacin. Addu'ata kawai nake ji tana dawo mini a kunnen da ba ya ji.

Jinin bai tsaya ba. Gwaggo ta aika gona a kira Baba, ya je wurin maƙwabcinmu mai akori-kurar ɗaukar tumatir, aka ce motar lafiya lau amma ko ɗigon mai babu. Ana cikin haka aka kira la'asar. Ina kwance, kunnen dama a sama, na ji salansar nan ta shigo lungu. Wannan karon ya kashe.

Gwaggo ta rufe kwanon da faifai, ta yafa mayafi ta nufi zaure. Ɗakinta jikin zauren yake, ina jin komai. Ba ta bari sun gama gaisawa ba.

"Malam," ta ce wa Baba daga bakin ƙofa, "a gaya wa baƙi idda ta ƙare tun kafin la'asar. Ta yi ɓari. Ga shi nan, wanda ke son gani ya buɗe."

Na ji an ɗaga faifai, an mayar. Kawun ya yi salati. Sannan ya ce, a hankali, "Haka ne. In ciki ya faɗi, idda ta fita. Ba ka da sauran magana a nan, ɗana."

Sai muryarsa. Ban ji ta ba tun ranar marin, kuma ba ta ɗaga ba. Da ma in ya yi sanyi haka ya fi ban tsoro.

"Ku kuka zubar. An gaya mini ta sayo tsinke a kemis ta sa."

Baba ya ce, "Kai yaro, ji tsoron Allah."

Na so in ɗaga murya in ce fitsari kawai ake tsoma shi, bai ko taɓa jikina ba. Amma ni da kaina na ba Yaya wannan kalma.

Gwaggo ta ce, "Ka tsaya nan kana shari'a, yarinya na can jini na ƙarewa. Mota ba mai."

Kawun ne ya ce masa, "Tankinka cike yake. Tashi."

Daga baya Baba ya gaya mini bai yi musu ba. Ya tsuguna ya zare tiyo, ya tsiyaye man babur ɗinsa kaf a galan, ya miƙa, bai kalli kowa ba. Lokacin da aka fito da ni a kan tabarma aka sa a bayan akori-kura, na hango shi can ƙarshen lungu yana tura babur ɗin da hannu. Ya waiwayo sau ɗaya.

A babban asibiti aka yi mini wankin ciki, aka ƙara mini ruwa. Da na farfaɗo na tambayi nas ɗin da ke duba ni yadda aka yi tsinke biyu suka ce babu. Ta ce mai yiwuwa cikin ya daɗe da lalacewa yana zaune, abin da tsinken ke nema a fitsari ya riga ya janye. Ta ce mai yiwuwa kuma zafin shago ne ya kashe tsinken. Jinin nan biyu da na ƙirga, in ji ta, ba lalle al'ada ba ce. "Ba zan iya ce miki ga wanda ya faru ba. Amma in al'ada ta ƙi zuwa, jiki kuma na yi miki magana, a zo a duba ki. Da kin ƙara yini a gida, da wani labarin ake yi."

Na tambaye ta ko tsoro na iya kashe ciki. Ko addu'a. Ta dube ni ta ce in kwanta in huta.

Kafin in dawo Gwaggo ta naɗe abin da ya rage a kwanon a farin ƙyalle ta binne a bayan ɗaki, gindin zogale. Ta nuna mini wurin sau ɗaya, ba mu sake maganar ba.

Na fita daga hannunsa. Wannan ya tabbata, liman ma ya faɗa. Yaya ba ta sake zuwa ba. Ranar da na yi wanka na ɗauki buta, babu wanda ya ɗaga kai ya kalle ni, na tsaya a tsakar gida da ita a hannu ban san me zan roƙa ba in na yi sujada.

Har yanzu yana faɗa a bakin dam cewa an kashe masa ɗa da tsinke, kuma zai ji dalili. Wasu sun yarda. Mai ya dawo gari, babura sun cika hanya, na daina tsinto ƙarar salansarsa a cikinsu. Gwaggo ta ce ai wannan abin godiya ne. Ni kuwa abin da na gani a ƙarshen lungun nan shi ya tsaya mini: babur ɗin na tafiya, ba ya ƙara ko kaɗan. Shi ya sa in ina tankaɗe da yamma nake juya kunnen dama wajen zaure, bayana kuma a jikin bango.